Gwiwar Hannuna a Cikin Bango

Ni bahaguwa ce. To, na faɗa, kuma rufin ɗaki bai rufto mini ba. Ku da kuke karantawa za ku ce mene ne abin ɓoyo a nan, ai ko a ajinku na firamare an yi guda. Ku zo gidanmu a Tunga ku faɗa wa Mama haka, ku ga yadda za ta leƙa tsakar gida ta tabbatar maƙwabta ba su ji ba.

Sunana Rashidatu. Abinci nake dafawa ina aika wa 'yan ofis da masu shaguna, tuwon shinkafa da miyar wake irin ta mutanen Bida, wadda in mutum ya ci da rana sai ya nemi benci. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake miƙa wa mutane abu. Wannan ludayin Mama ne ya koya mini tun ban kai tsayin turmi ba, kuma ban ƙi ba, ladabi ne. Amma wuƙa da muciya da tsintsiya sun ce ba su san zancen ba. Da na shiga kicin na turo ƙofa, sai hagu ta karɓi mulkinta.

Kicin ɗin Mama kuwa ba a gina shi da irina a rai ba. Murhun gas yana manne da bango ta ɓangaren hagu, don haka duk tuwon da na tuƙa sai gwiwar hannuna ta sha bango. Yau da gobe wurin ya yi baƙi ya yi kauri kamar ƙanzo. Mutane suna yaba mini sa riguna masu dogon hannu a wannan zafin na Minna, suna cewa yarinyar akwai kamun kai. Ni dai murmushi kawai nake yi.

Akwai wanda ya taɓa nemana, Abdulwasiu. Magana ta yi nisa har mahaifiyarsa ta zo ganina. Ina zuba mata zoɓo kofin ya sulluɓe daga tire, kafin in yi tunani hagu ta cafke shi a sama, ta kuma miƙa mata. Ko ɗigo bai zube ba. Matar ta kalli kofin, ta kalli hannuna, ta ce ta ƙoshi. Bayan 'yan kwanaki saƙonta ya iso kunnen Mama: ɗanta ba zai ci tuwon hannun da ake tsarki da shi ba. Shi gogan naku ko sallama bai yi mini ba, sai dai na ga ya cire hotona daga wayarsa.

Tun daga nan Mama ta kafa doka.

"Duk wanda Allah ya sake kawowa, hannun nan ki ɗaure shi a baya har a shafa fatiha."

"Bayan an shafa fa, Mama?"

"Bayan an shafa kin saba."

Sai Allah ya kawo Yisa. A madatsar ruwa ta Zungeru yake aiki, ɓangaren lantarki, ƙarshen mako yake shigowa gari. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma yana da wani hali: in ya shiga ɗaki sai ya buɗe ƙofar ya rufe ya sake buɗewa, yana kallon abin da take bugewa. Ya ce gidajen haya ne suka mayar da shi haka. Ya zauna a inda ƙofa ke dukan gado, ya zauna a inda in za ka je banɗaki sai ka tsallake ƙafafun baƙi. Ya rantse ranar da zai gina nasa ba zai kwafi na kowa ba.

Ina son shi. Bari in faɗa a fili tun da wuri, don kar daga baya wata ta ce don gida nake yi. Ina son yadda yake jira in gama magana kafin ya fara tasa. Ina son yadda yake sa mini "Ya" a gaban sunana don zolaya, kamar wata babbar yayarsa.

Ya sayi fili a hanyar Paiko. Wata safiya ina tsince shinkafa saƙonsa ya shigo:

"Ya Rashida, Esta za ta zo gidanku. Ita za ta zana mana gidan. Kar ki share ko'ina, kar ki gyara komai. So nake a auna ki a gina, yadda tela yake yi."

Na karanta, na ajiye wayar a kan buhu, na sake ɗauka na karanta. A auna ni? Wace ni ɗin?

Esta 'yar Paiko ce, tare suka yi makaranta da Yisa. Gajeruwa, da gilashi, da wandon jins da takalmin da ya sha jar ƙasa, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta gaida Mama har ƙasa, ta karɓi ruwa, sannan ta fara tambayoyin da ko likita bai taɓa yi mini ba. Ina nake cire takalmi in na dawo? Wa ke shigo mana ba sallama? In an ɗauke wuta da rana ina nake zama? Kayan wanki a ina suke taruwa kafin in ga dama?

Ta ce Yisa ya riga ya faɗi nasa. Yana son famfo a bakin ƙofa, don ya wanke ƙafa ya yi alwala kafin ya taka tabarma. Yana son zaure mai faɗi, katamba kamar yadda muke cewa da Nufanci, saboda dangin Bida ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Ɗakin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Nna, kar a sa masa ko matakala guda, gwiwoyinta sun gaji. Tagogin ɗakin kwana kuma su juya wa ranar la'asar baya.

Bakina ya buɗe. Na ce ina son ƙofar baya, inda masu babur za su karɓi kulolin abinci ba tare da sun ratsa falo suna kallon labulena ba. Na ce ina son wurin shanya da hayaƙi ba ya kaiwa. Na ce ina son taga a kicin wadda zan hango wanda ya shigo gida tun kafin ya hango ni. Esta tana dariya tana zane a kwamfutarta ta hannu, ni kuma ina jin wani daɗi yana hawo mini, don ba a taɓa tambayata yadda nake son rana ta shigo ɗaki ba.

Sai ta ce, "Yauwa. Saura babban ɗakin. Mu je ki yi girki ina kallo."

Mama, da ke zaune tana jan carbi, ta yi gyaran murya. Na gane.

Kun taɓa ganin mace tana yanka albasa kamar yau ta fara ganinta? Haka na yi. Wuƙa a dama, albasa tana gudu a kan faranti, yanka ɗaya kauri, ɗaya siriri. Da na zo tuƙa tuwo muciyar ta yi mini nauyi kamar taɓarya, tuwon ya yi gudaji. Garin sauri na sa wa yatsana wuƙa, jini ya ɗiga a kan tumatir. Ni da nake ciyar da rabin layinmu.

Esta ta miƙo mini tsumma, ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Sannan ta bi kicin ɗin da ido a hankali. Ta kalli tukwane, duk mariƙinsu ya juya hagu. Ta ɗauki muciyar ta shafa gefen da ya cinye. Ta kai hannu bango, daidai inda fenti ya goge ya bar wani ɗan zagaye mai sheƙi.

"Wa yake girki a nan kullum?"

"Ni."

"To wadda take girki a nan bahaguwa ce."

Na riƙe mata hannu. Wallahi har idona ya kawo ruwa. Na ba ta labarin kofin zoɓo a gurguje, ina yi ina sauraren takun Mama.

"Don Allah, Esta. Ki zana shi na dama. Kar ki gaya masa."

"Ba aikina ba ne in gaya masa," ta ce. "Abin da kika ce shi zan zana. Amma ki ji, 'yar'uwa. Zane ana goge shi da yatsa. In an zuba kankare an ɗora bulo, sai dai guduma. Murhu, wurin wanke-wanke, inda haske zai faɗo a kan wuƙarki, duk a kan hannu ɗaya ake tsara su. Gidan wata zan gina, ke ki shiga ki zauna."

"Na ji. Na dama."

Ta ɗaga kafaɗa, ta zana.

Daga ranar na rasa sukuni. In na zauna sai in tashi, in na tashi in rasa abin da na tashi yi. Na sa gishiri sau biyu a miyar wani ofis. Na hau keke zuwa kasuwa na wuce inda zan sauka. Yisa kuma, bawan Allah, sai turo mini hotunan zanen yake yi, da kala da komai, har da 'yar tukunya a kan murhu.

"Kin ga kicin ɗinki? Esta ta ce yadda kika faɗa ta yi. Nan za ki tsufa, Ya Rashida."

Na ƙara girman hoton da yatsu biyu. Ga murhu, ga bango manne da shi ta hagu, kamar an ɗauko na Mama an yi masa fenti. Na rubuta "Akwai maganar da nake so mu yi," na goge. Na rubuta "Ya yi kyau sosai," na sa hoton zuciya, na tura. Sannan na naɗe hannun rigata na daɗe ina kallon baƙin tabon nan.

Na gwada Mama sau ɗaya, tana ninke zannuwa.

"Mama, shi fa ba irin Abdulwasiu ba ne."

"Shi ba irinsa ba ne. Uwarsa fa? Kin san ta?" Ta daki zanen da tafin hannu ya kwanta. "Matar da aka ce ko almakashi aka miƙa mata ba daidai ba sai ta mayar. Rashidatu, na ga yadda kika rame wancan karon. Ba zan sake gani ba. Bango ne kawai, ba ya cizo."

Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Tsoro ne irin na uwa, kuma tsoronta ya fi nawa tsufa.

Ranar Asabar aka sa za a ja igiyar gini. Yisa ya ce Nna za ta zo daga Bida ta sa albarka, Mama ma ta zo. Na sa atamfa ruwan goro mai dogon hannu, da mayafi ruwan madara, da lalle a yatsu don ya ɓoye ciwon wuƙa. A cikin keke Mama ta riƙa gyara mini ɗaurin kallabi, tana maimaita mini dokar a kunne kamar mai biya karatu.

Filin yana bayan wata gonar doya, an share ciyawa, jar ƙasa ta fito. Magina sun kafa turaku sun ja farar igiya, sun bi ta da toka, har gidan ya kwanta a ƙasa ɗaki-ɗaki, babu bango babu rufi. Rana ta fara zafi. Yisa yana tsaye cikin farar shadda da hula, fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan salla.

Nna tana zaune a kujerar roba ƙarƙashin wata bishiyar kaɗanya. Siririya, da zane da lulluɓi masu duhu, da jakar fata a cinya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta da Nufanci, ta amsa tana kallona daga kallabi har yatsun ƙafa. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Irin matan nan ne da ba a karanta su.

Aka yi addu'a. Sai Esta ta tafa hannu ta ce kafin a haƙa ko rami ɗaya, kowa ya shiga gidan ya zauna a cikinsa. Haka take yi a duk aikinta. A bi ta ƙofa, ban da tsallake igiya, don igiya bango ce. Yisa ya shiga ta zaure, ya tsuguna a inda famfo zai kasance ya yi kamar yana wanke ƙafa, magina suna dariya. Aka riƙo Nna ta taka har ɗakinta, ta tsaya a tsakiya, ta tambayi ina gabas. Aka nuna mata. Ta gyaɗa kai.

"Saura uwar gida," in ji Esta. Ba ta kalle ni ba.

Na bi ta ƙofar baya na shiga kicin. An ajiye bulo biyu a matsayin murhu, igiya tana wucewa dab da su ta hagu. Sai na ji muryar Nna.

"Dakata."

Ta zuge jakarta ta fito da muciya. Tsohuwa ce, ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo. Ta ce da ita ta tuƙa tuwon da ya raini Yisa, kuma tun da za a gwada kicin, a gwada shi da abin gaske. Ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na rusuna.

"Tsaya a wurinki ki tuƙa mu gani."

Na tsaya gaban bulon. Na sa muciyar a dama. Mama tana bayan igiya, ina jin idonta a wuyana. Na juya sau ɗaya a cikin iska, a cikin tukunyar da babu. Ba wuya. Babu tuwo, babu nauyi, kowa zai iya. Da na yi sau uku na ajiye, da an tafa, da an fara haƙa.

Amma sai na kalli igiyar nan. Siririya ce, iska ma tana kaɗa ta. Na ga ta zama bulo, an shafe ta da siminti, an yi mata fenti. Na ga kaina da ciki, na ga kaina da goyo, na ga kaina da furfura, kullum ina sauraren taku kafin in sauya hannu, kullum ina turo ƙofa a gidan da aka ce an auna ni aka gina. Na kalli Yisa. Murmushi yake yi wa wata mata da ba ta taɓa wanzuwa ba, kuma ni na ƙera masa ita.

Ban yanke shawara ba, in gaya muku gaskiya. Hannun ne ya gaji da jira. Muciya ta koma hagu, kafaɗata ta sauka, ƙafata ta gyara tsayuwa da kanta, na shiga tuƙi irin na gaske, irin wanda ake danna tuwo a jikin tukunya a juyo shi. Hannun rigata ya zame sama, baƙin tabon ya fito a rana. Kowane juyi, gwiwar hannuna tana tsallake igiyar ta dawo.

Dariyar magina ta ɗauke.

"Hannunki yana cikin bango," Esta ta ce, a hankali, kamar mai faɗin yanayin gari.

"Wasa take yi!" Mama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yarinyar nan da son wasa. Rashidatu, mayar da ita."

Ban mayar ba. Na tsaya da muciyar a hagu.

"Ba wasa ba ne, Nna. Da wannan nake girki. Duk abincin da ɗanki ya ci ya yaba, wannan hannun ne ya tuƙa."

Yisa ya daɗe yana kallon tabon. Murmushin ya tafi, kuma na ga abin ya yi masa ciwo, ba sai an gaya mini ba. Ya tako, bai tsallake igiya ba, ya zagaya ta ƙofar baya kamar yadda aka ce, ya shigo kicin ya tsaya kusa da ni.

"Bango ne ya yi miki wannan?"

"Na gidanmu."

"Kuma kika bari in gina miki wani."

Ya tattare farar shaddarsa ya tsuguna a jar ƙasa, ya kama turken da ke riƙe da igiyar da hannu biyu, ya fara girgiza shi. Ya ɗago kai.

"Miƙe hannun. Nuna mini inda zai ishe ki."

Na fara miƙewa ke nan, hawaye yana gangaro mini, muryar Nna ta ratso filin. Ba ta ɗaga ta ba, ba ta buƙata.

"Yisa. Saki turken nan."

Ya tsaya cak. Bai saki ba, bai kuma cire ba. Turken ya karkace, igiyar ta yi sako-sako ta kwanta a kan toka.

Nna ta dafa gwiwa ta juya, ta nufi inuwar kaɗanyar da ke can nesa da kowa. Ta bar jakarta a ƙasa a tsakiyar ɗakinta. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ke mai muciya. Ɗauko mini jakata ki biyo ni. Mu biyu kawai."

Mama ta matso bakin igiya, ta yi mini nuni da ido zuwa hannun dama, roƙo ne ba umarni ba. Na kalle ta, na kalli Yisa da ke tsugune riƙe da bangon da bai faɗi ba bai tsaya ba. Na mayar da muciyar dama, na sunkuya, na ɗauki jakar Nna da hagu, na bi bayanta.